Muhawara: edita ya daina cika min sunan fayil a cikin gwaji, ina mafita?

Nafisa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu Java ce. A wurin aikinmu muna da gwaje-gwaje da ke karanta fayilolin JSON daga src/test/resources, irin amsoshin da banki ke dawo da su bayan an biya kuɗi: wanda ya wuce lafiya, wanda kuɗin asusu bai isa ba, wanda aka soke, da makamantansu. Lokacin da muke rubuta getClass().getResource("/...") kai tsaye, IntelliJ, wato editan da muke rubuta kod da shi, yana jero min sunayen fayilolin in zaɓi wanda nake so. Sai shugaban tawagarmu ya ce maimaicin ya yi yawa, aka haɗa fankishin guda mai suna karanta(String suna), shi ke buɗe fayil ya dawo da abin da ke ciki. Kod ya yi tsabta kam, amma tun daga ranar edita ya yi gum. Yanzu sai na buɗe folda na duba suna, na dawo na buga da hannu, harafi ɗaya ya kuɓuce gwaji ya faɗi. Akwai dabarar da za a dawo da cikon nan ba tare da mun watsar da karanta() ba?

Sadiq:
Wa alaikumus salam. Anti Nafisa ki kunna Copilot kawai, AI ɗin nan mai taya rubuta kod, shi zai cika miki komai 😂

Injiniya Bashir:
Sadiq, Copilot zai cika mata suna mai daɗin gani wanda babu shi a folda. Ba duba faifai yake yi ya tabbatar ba, hasashe yake daga abin da ya gani a kusa. In ya ga biya_nasara.json sai ya ƙago biya_gazawa.json, alhali fayil ɗin sunansa biya_an_ki.json. Wannan ai ƙara mata aiki ne.

Nafisa, abin da ya faru shi ne IntelliJ ya san getResource da sunansa. An koya masa cewa rubutun da ke shiga wannan fankishin ɗin adireshin fayil ne. Naku karanta() kuwa bai san shi ba, a wurinsa String ne kamar kowane String, zai iya zama sunan mutum ko lambar waya. Sai kin gaya masa. Ki sa laburaren org.jetbrains:annotations a cikin abubuwan da gwaji ke dogara da su, sannan:

static String karanta(@Language("file-reference") String suna)

Daga nan duk inda aka kira karanta("...") zai ɗauki rubutun a matsayin fayil, ya ba ki jerin sunaye, kuma Ctrl da dannawa zai buɗe miki fayil ɗin.

Nafisa:
Yaya Bashir Allah ya saka da alheri, na sa, jerin ya dawo. Kai, layi ɗaya tal.

Injiniya Bashir:
Amin. Amma kada ki yi saurin murna, wannan maganin rabi ne. Zan dawo kansa, bari in fita daga mitin.

Sadiq:
Oga Bashir, mu kuma 'yan VS Code fa? Ni na gwada alamar nan yanzu, ko gezau.

Zainab:
Ba za ta yi maka aiki ba Sadiq. Alamar @Language ta JetBrains ce, kamfanin da ya yi IntelliJ, editocinsu ne ke karanta ta. Java a VS Code yana tafiya ne a kan sabar harshe ta Eclipse JDT, ita kuwa babu ruwanta da wannan alamar. Abin da za ka iya yi shi ne ka sa filogin ɗin Path Intellisense, a saitinsa akwai path-intellisense.mappings, ka ce masa "/" yana nufin src/test/resources. Zai riƙa jero maka sunaye in ka buga / a cikin alamar zance. Sai dai bai san Java ba, bai san karanta() ba, duk rubutun da ya yi kama da adireshi zai yi maka tayi.

Malam Lawal:
Salamu alaikum. Na karanta daga sama. Ni tambayar da zan yi wa 'yata Nafisa daban ce: fayilolin nan layi nawa ne kowannensu? Domin in amsar banki ce mai layi takwas ko goma, me ya kai ta wani fayil tun farko? Tun Java 15, a 2020, aka tabbatar da rubutu mai layuka da yawa tsakanin alamar zance uku-uku. Ki zuba JSON ɗin a cikin gwajin, mai karatu ya ga abin da aka shigar da abin da ake sa ran samu a allo ɗaya. Kuma in kin sa @Language("JSON") ko sharhin // language=JSON a kai, IntelliJ zai yi masa launi ya nuna miki in waƙafi ya ɓace. Babu sunan fayil, babu abin cikawa, babu kuskuren harafi.

Ina koyar da ɗalibai, kuma abin da ya fi ɓata min rai a aikinsu shi ne gwajin da ke cewa karanta("data3.json") sannan ya tabbatar jimilla 4500 ce. Ina 4500 ta fito? Sai na je na buɗe wani fayil na ƙirga. Cikon edita ba zai gyara wannan ba, sauƙaƙa shi ma zai yi, mutane su ƙara tara fayiloli.

Nafisa:
Malam, wasu gajeru ne gaskiya. Amma akwai bayanin asusu na wata guda, layinsa ya haura ɗari uku, kuma akwai rasit na PDF da muke gwada cire adadi daga ciki.

Malam Lawal:
To waɗannan dole su zauna a fayil, ban musa ba. PDF ba ya shiga alamar zance. Amma gajerun ki dawo da su gida.

Zainab:
Malam, da girmamawa, ban yarda gaba ɗaya ba. Amsar da ta fito daga wata saba ta waje, ni na fi so a ajiye ta yadda ta zo, ba a taɓa ko harafi. Da zarar ta shiga cikin kod, wani zai zo ya "gyara" ta, ya cire filayen da yake ganin ba su da amfani, ya daidaita layuka. Bayan wata shida abin da kuke gwadawa ba shi ne abin da banki ke turowa ba. Fayil yana da kwarjini, mutane ba su cika taɓa shi ba. Ga kuma gwaje-gwaje biyar da ke amfani da amsa ɗaya, ina za a sa ta?

Malam Lawal:
A sa ta a tsayayyen suna guda a saman kilas, su biyar ɗin su ɗauka. Amma maganarki ta kwarjini akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Injiniya Bashir:
Na dawo. Ga dalilin da na ce rabin magani ne. Alamar @Language tana taimakon mai bugawa a lokacin da yake bugawa, shi ke nan. Kwamfaila, wato manhajar da ke haɗa kod, bai san da ita ba. In gobe wani ya goge fayil ɗin ko ya sauya masa suna daga wajen edita, kod zai haɗu lafiya lau, sai an gudanar da gwaji sannan a gani. Kuma yadda ake gani ma abin haushi ne: getResourceAsStream ba ya jefa kuskure in bai sami fayil ba, null yake dawowa da shi shiru. Sai null ɗin ya yi tafiya ya shiga cikin mai fassara JSON, can ya fashe, jerin kuskuren yana nuna wani wuri da babu ruwansa.

Abin da nake yi a ayyukana shi ne in hana sunan fayil zama rubutu kwata-kwata. Ƙaramin aikin Gradle ne, wato manhajar da ke gina kod, ke zagaya src/test/resources ya rubuta kilas guda irin na enum, wato jerin tsayayyun sunaye:

public enum Fayil {
  BIYA_NASARA("/banki/biya_nasara.json"),
  BIYA_AN_KI("/banki/biya_an_ki.json");
}

Sai karanta() ya karɓi Fayil maimakon String. Ka buga Fayil da ɗigo, kowane edita a duniya zai jero maka, IntelliJ ne, VS Code ne, Eclipse ne, har Neovim ɗin Mubarak. Ka goge fayil, sunansa ya ɓace daga enum, kod ya ƙi haɗuwa, layin ya yi ja. Kana son sanin waɗanne gwaje-gwaje ke amfani da wani fayil, ka nemi masu amfani da sunan. Wanda babu mai kiransa kuma ya fito fili a share shi.

Ba ni na ƙirƙiro ba. Kilas ɗin R na Android ke nan tun farkon Android. Masu iOS suna da R.swift da SwiftGen, har Apple da kansu suka sa Xcode 15 ya riƙa samar da sunayen hotuna da launuka a 2023. Masu Flutter suna da flutter_gen. Masu .NET fayil ɗin resx yana haifar musu da kilas. Kowa ya sha wahalar rubutu zalla, ƙarshe nan ya dawo.

Mubarak:
An ambaci sunana 😄 Mu a Go abin bai kai haka zafi ba. Akwai al'adar folda mai suna testdata, kayan aikin go suna tsallake ta wurin neman fakej, kuma go test kullum yana tsayawa ne a cikin foldar fakej ɗin da ake gwadawa. Don haka os.ReadFile("testdata/biya.json") yana aiki ko daga ina ka kira gwajin. In kuma kana son tabbaci irin na Injiniya, tun Go 1.16 a 2021 akwai embed:

//go:embed testdata/biya.json
var biya []byte

Fayil ɗin babu, gini ya tsaya ya ce bai sami abin da ya dace da sunan ba. Sunan yana wuri ɗaya, sauran kod ɗin biya kawai yake gani, edita kuwa ya san biya. Masu Rust ma haka include_str! yake musu.

Injiniya Bashir:
Ka gani ko. Harshen da kansa ya ɗauki ra'ayina.

Malam Lawal:
Harshen ya ɗauka, Injiniya, shi ya sa ba ya ciwo. A Go layi biyu ne kuma kwamfaila ne ke riƙe da shi. Naka kuwa aikin Gradle ne da wani zai riƙa kula da shi bayan ka bar wurin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bari in lissafa maka abin da na gani da idona a irin wannan tsari. Sabon ma'aikaci ya sauko da kod, ya buɗe edita, rabin gwaje-gwaje ja wur domin ba a samar da kilas ɗin ba tukuna, ya ɗauka ya lalata wani abu. Ka ƙara fayil, ka buga Fayil da ɗigo, babu shi, sai ka tuna sai an sake gini. Wato cikon da muke nema ya zama yana zuwa a makare, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, lokacin rubuta sabon gwaji. Ga biya-nasara.json da biya_nasara.json, duk BIYA_NASARA za su zama, su yi karo. Ga 2024_janairu.json, suna a Java ba ya farawa da lamba.

Zainab:
Wannan na ƙarshen shi ne dalilin da Android ya kafa doka mai tsauri: sunan fayil a res ƙananan haruffa a zuwa z, lambobi, da layin ƙasa, shi ke nan. Ka sa babban harafi ko alamar -, gini ya ƙi. Mutane suna ƙorafi amma ba don wannan dokar ba R ba zai yiwu ba. Kuma ku lura, foldar assets ba ta shiga R, can rubutu zalla ake bugawa kamar yadda Nafisa ke yi. Gwajin da ke gudana a kwamfuta ba a waya ba ma, src/test/resources ɗin nan dai muke komawa mu kira ta classLoader. Don haka ko mu masu Android ba mu tsira ba.

Injiniya Bashir:
Malam, duk abin da ka lissafa akwai amsarsa. A Gradle in ka miƙa aikin da kansa ga srcDir na gwaji, Gradle zai gane cewa sai ya gudanar da shi kafin ya haɗa gwaje-gwaje, ba sai wani ya tuna ba. Ka bayyana masa abin shiga da abin fita, ba zai sake gudu ba sai foldar ta canja. Don jan layin sabon ma'aikaci, JetBrains suna da filogin idea-ext mai afterSync, yana gudanar da aikin da zarar an shigo da kod ɗin cikin edita. A Maven kuma matakin generate-test-sources ne, da build-helper-maven-plugin ya ƙara foldar. Karon suna kuwa, aikin ya tsaya ya faɗi fayiloli biyun da suka yi karo. Layi arba'in ne gaba ɗaya.

Malam Lawal:
Filogi biyu da layi arba'in, don kada a buga suna da hannu. To.

Injiniya Bashir:
Don kada a tashi mutum da dare saboda gini ya faɗi a saba, Malam.

Ibrahim Maraɗi:
Sannunku da muhawara. Ni Python nake yi, bari in kawo tsaka-tsaki. Ba lallai sai inji ya rubuta jerin ba. A wurinmu tun Python 3.8 akwai Literal:

Suna = Literal["biya_nasara.json", "biya_an_ki.json"]
def karanta(suna: Suna) -> str: ...

Da hannu nake rubuta jerin. Pylance na VS Code da editan PyCharm suna kawo min zaɓin da na buɗe alamar zance, mypy mai binciken kod kuma yana ƙin duk sunan da ba ya ciki. Sannan ina da gwaji guda ƙarami da ke kwatanta jerin da abin da ke folda: suna yana jeri babu fayil, ya faɗi, fayil yana folda babu shi a jeri, ya faɗi. A Java ma ai za ku iya rubuta enum ɗin da hannu ku sa masa irin wannan mai gadin. Babu aikin Gradle, babu jan layi, kuma ƙara fayil layi ɗaya ne.

Wani abu kuma ga masu pytest: shi ba kamar go test ba ne, inda ka tsaya ka kira shi nan ne foldar aiki. Don haka open("data/x.json") yana aiki daga tushen aiki ya faɗi daga cikin tests. A gina adireshin daga Path(__file__).parent. In fayil ɗin na cikin fakej ne, importlib.resources.files, yana nan tun 3.9.

Malam Lawal:
Yauwa Malam Ibrahim. Wannan zan iya sa hannu a kai.

Injiniya Bashir:
Yana aiki in fayiloli ashirin ne. In sun kai ɗari huɗu, jerin hannu ya zama wurin da kowane PR, wato buƙatar haɗa sabon kod, ke karo da ɗan'uwansa, domin kowa ƙarshen jeri yake ƙara nasa.

Ibrahim Maraɗi:
A jera su bisa haruffa, karon ya ragu. Kuma wanda ke da fayil ɗari huɗu a folda ɗaya yana da wata matsalar da ta fi ciko.

Sadiq:
Ni fa akwai abin da ban gane ba tun ɗazu. Wani lokaci ina ganin getResource("/x.json") da tsaga a gaba, wani lokaci babu. Wanne ne daidai?

Zainab:
Duka biyun, ya danganta da wa kake tambaya. In ta kilas ka bi, wato getClass().getResource, suna marar tsaga ana nemansa ne a cikin fakej ɗin kilas ɗin, mai tsaga kuma daga tushen classpath. In ta getClassLoader().getResource ka bi, kullum daga tushe ne, kuma ba a sa tsagar, ka sa ta ka sami null. Wannan ma wani dalili ne da ya sa karanta() ɗin su Nafisa abu ne mai kyau: a yanke hukunci sau ɗaya a wuri ɗaya. Nafisa ki duba cewa irin sunan da edita ke cika miki shi ne irin wanda karanta() ke tsammani, kada ya ba ki mai tsaga alhali ciki classLoader ake kira.

Nafisa:
Na duba, ta kilas muke bi, da tsaga. Amma Anti Zainab kin tuna min wani abu. Akwai gwajin da ke wucewa a kwamfutar abokin aikina ya faɗi a sabar gini, kullum null. Shi Windows yake, sabar Linux ce.

Mubarak:
Duba manya da ƙananan haruffa. Na sa kuɗi a kan haka.

Zainab:
Shi ne. Windows ba ya bambanta Rasit.json da rasit.json, macOS ma yadda yake zuwa haka ne. Linux yana bambantawa, cikin JAR ma ana bambantawa. Kuma in ya je gyarawa ya sauya harafin kawai a Windows, Git na iya ƙin lura da canjin. Ya yi amfani da git mv.

Injiniya Bashir:
Wanda da enum aka samar daga folda, wannan kuskuren ba shi da ƙofar shiga. Ina dai faɗa.

Malam Lawal:
Da alamar da ka ba ta da farko ma ba shi da ƙofa, tunda edita ne zai cika sunan yadda yake a faifai.

Injiniya Bashir:
In mutumin IntelliJ yake amfani da shi, kuma in ya tsaya ya zaɓa daga jeri bai kwafo daga wani gwajin ba.

Ibrahim Maraɗi:
Tunda ana maganar haruffa, akwai wadda ta shafe mu kai tsaye. Bayanan gwajinku akwai sunayen mutane da garuruwa da ƙ, ɗ, ɓ? In akwai, ku duba yadda karanta() ke mai da bayit zuwa rubutu.

Nafisa:
Akwai sosai. new String(in.readAllBytes()) aka rubuta.

Zainab:
Wace Java?

Nafisa:
17.

Zainab:
To ki gyara yau. Sai a Java 18, a 2022, UTF-8 ya zama abin da ake ɗauka in ba a faɗa ba. Kafin nan tsarin kwamfutar ake bi, a Windows na Turanci kuwa windows-1252 ne, wanda babu ƙ a cikinsa. Harafin ƙ bayit biyu ne a UTF-8, C6 da 99, sai Windows ya karanta su ɗaya-ɗaya ya nuna miki Æ™. Ki rubuta new String(bayit, StandardCharsets.UTF_8). Files.readString shi dama UTF-8 yake ɗauka.

Haka kuma in sunan fayil ko na folda ne ke da irin harafin, ko sarari, kada a yi getResource(...).getPath() a miƙa wa File. Abin da ke dawowa URL ne, sarari ya koma %20, sai a ce babu fayil alhali ga shi. Paths.get(url.toURI()) ake yi.

Sadiq:
To Oga Bashir, in fayil sunansa 'yan_makaranta.json, enum ɗinka ya zai kira shi? 😂

Injiniya Bashir:
Java tana karɓar Ƙ da Ɗ da Ɓ a cikin suna, haruffa ne cikakku, in dai an gaya wa kwamfaila UTF-8 ne. Alamar ɗauri ta 'y ce ba ta karɓa, sai a cire ta. Su Ibrahim da ke rubuta ƴ a Nijar sun huta da wannan. Amma ni dokata irin ta Android ce: sunan fayil ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, lanƙwasar ta zauna a cikin fayil inda ake gwada ta.

Mubarak:
Akwai hanya ta huɗu da ba wanda ya ambata: kada a rubuta suna ko kaɗan. Fayil ya ɗauki sunan gwajin. ApprovalTests haka yake yi, sunan kilas, ɗigo, sunan gwaji, sannan approved.txt. A JUnit 5 kana iya karɓar TestInfo ka ciro sunan gwajin da ke gudana ka gina adireshi da shi. A Go muna yin haka da t.Name(). Ko kuma a juya abin: gwaji guda ya zagaya folda, kowane fayil ya zama gwaji. Ka jefa sabon JSON da amsar da ake sa rai a gefensa, ka sami sabon gwaji ba ka taɓa kod ba.

Zainab:
Zagaya folda ina son sa, musamman ga irin aikin Nafisa na fassara amsoshi. Amma a sa sharaɗi cewa adadin fayilolin da aka samu ya fi sifili. In adireshin foldar ya karkace, madauki zai zagaya babu komai, gwaji ya yi kore, kowa ya kwanta da daɗi. Na sunan gwaji kuwa ba na so. Ka sauya wa gwaji suna da edita, fayil ya zama maraya, edita bai san suna da alaƙa ba. An koma gidan jiya, sai ma ɓoyewa da alaƙar ta ƙara yi.

Mubarak:
Gwajin zai faɗi nan take ya gaya maka sunan da yake nema, ka sauya. Daƙiƙa goma.

Zainab:
Sabon zai faɗi. Tsohon fayil ɗin fa, wa zai share shi in mutumin sabo ya ƙirƙira maimakon ya sauya suna?

Malam Lawal:
Ko wace hanya aka bi, abu ɗaya nake roƙo, Nafisa. Ki sa karanta() ya yi magana in bai sami fayil ba. Ya duba null, ya jefa kuskure mai ɗauke da sunan da aka nema da kuma sunayen da ke cikin wannan foldar. Mutum ya ga "ban sami /banki/rasit.json ba, akwai Rasit.json, biya_nasara.json", ya gane cikin ƙiftawar ido. In kuna da Guava, Resources.getResource dama yana jefa IllegalArgumentException da sunan maimakon null. Wannan ba ya buƙatar wani edita, kuma yana aiki a saba inda babu edita.

Injiniya Bashir:
Nan ba ni da ja.

Nafisa:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Mu shida ne a tawagar, huɗu IntelliJ, biyu VS Code, fayiloli ba su kai hamsin ba. Na buɗe PR da alamar @Language, da UTF_8, da saƙon kuskuren da Malam ya ce. Enum ɗin hannu irin na Malam Ibrahim zan kai wa shugaban tawaga, shi zai yanke. Yaya Bashir, abu ɗaya: in ya zaɓi naka na Gradle, kilas ɗin da aka samar ana tura shi Git ko ana barinsa?

Injiniya Bashir:
Ba a turawa. Ya zauna a build/generated, foldar build kuwa dama tana .gitignore. Abin da inji ke iya sake haifarwa ba ya shiga tarihi.

Mubarak:
A Go akasin haka muke yi, abin da go generate ya samar ana tura shi, domin go build ba ya gudanar da shi da kansa. Kuma yana da daɗi a PR, kana ganin an ƙara fayil an ƙara suna.

Ibrahim Maraɗi:
In an tura shi, ai ya zama jerin hannuna ke nan, inji ne kawai ya buga.

Injiniya Bashir:
In an tura shi sai an ƙara mataki a saba da zai sake samarwa ya kwatanta, in ba haka ba wata rana wani zai gyara shi da hannu. Nafisa ki turo min build.gradle ɗinku ta gefe, Groovy ne ko Kotlin? Rubutun aikin ya ɗan bambanta.

Nafisa:
Kotlin ne, build.gradle.kts. Zan turo bayan la'asar in Allah ya so.